George Cotzias (1918–1977): Likitan da Ya Gyara Hanyar Maganin Ciwon Karkarwa

George Constantin Cotzias, wanda ake furta sunansa Kotsiyas, likita ne ɗan asalin ƙasar Girka da ya yi dukkan rayuwar aikinsa a Amurka. Shi ne ya nuna wa duniya, a shekarar 1967, yadda za a yi amfani da wani sinadari da ake kira dopa a sauƙaƙa wa masu fama da cutar Parkinson, wadda ake kira ciwon karkarwa ko rawar jiki da Hausa. Wasu masana sun riga shi sanin sinadarin, sun kuma gwada shi a jikin majiyyata, amma amfanin da suka gani bai taka kara ya karya ba, har da yawansu suka fid da rai. Abin da Cotzias ya kawo shi ne hanyar ba da maganin, wato a fara da ɗan kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin makonni, har jiki ya saba ya iya ɗaukar adadi mai yawa. Fiye da shekara 50 ke nan da wannan aiki, amma har yanzu wannan magani shi ne kan gaba a cikin magungunan cutar.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Cotzias ranar 16 ga watan Yuni, 1918, a garin Haniya da ke tsibirin Kirit, amma a Atina, babban birnin Girka, ya tashi. Mahaifinsa, Konstantinos Kotzias, sanannen ɗan siyasa ne. Ya zama magajin garin Atina a 1934, daga baya kuma ya riƙe muƙamin minista mai kula da babban birnin a gwamnatin Ioannis Metaxas. Saboda haka George ya tashi cikin gata da rufin asiri. Da ya kammala makarantar sakandare sai ya shiga Jami'ar Atina domin koyon aikin likita.

Bai kai ga kammala karatun ba yaƙi ya ci ƙasarsu. Ranar 28 ga Oktoba, 1940, sojojin Italiya suka auka wa Girka ta kan iyakar Albaniya. George ya ajiye littattafansa ya shiga soja, ya yi aiki tare da masu kula da waɗanda suka jikkata. Girkawa sun kora sojojin Italiya baya, amma a watan Afrilu na 1941 Jamus ta kawo wa Italiya ɗauki, kafin ƙarshen watan kuwa Atina ta faɗa hannun Jamusawa. Iyalin Kotzias suka yi gudun hijira, suka isa birnin New York a cikin shekarar. George yana ɗan shekara 23 a lokacin, ba dukiya, ba takardar shaidar kammala karatu, Turancinsa kuma bai nuna ba.

Ya nemi gurbin ƙarasa karatunsa a kwalejojin koyon aikin likita da dama, duk suka ƙi ɗaukarsa. Bai karaya ba, ya nemi Jami'ar Harvard, wadda tana cikin waɗanda suka fi wuyar shiga a ƙasar, ita kuwa ta karɓe shi. Cikin shekara biyu ya kammala, a 1943, da sakamako mai daraja. Daga nan ya samu horo a manyan asibitocin birnin Boston, ciki har da Babban Asibitin Massachusetts, inda ya koyi aikin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Bayan horon nan ya koma New York, ya shiga Cibiyar Bincike ta Rockefeller a ƙarƙashin Donald Van Slyke, wani gogaggen masanin sinadaran jini. A can ya yi aiki da Vincent Dole a kan hawan jini da kuma wasu sinadarai na jiki da ake kira amin. Sun yi nazarin yadda jiki yake narkar da waɗannan sinadarai da kuma wurin da yake yin haka a cikin ƙwayoyin halitta. A lokacin babu wanda ya san cewa ɗaya daga cikin dangin amin ɗin nan, wato dopamin, shi ne mabuɗin cutar Parkinson. Amma sanin da Cotzias ya yi musu tun da wuri ya yi masa rana daga baya.

Cutar da ta gagari likitoci

Kafin a fahimci girman aikin Cotzias, sai an san halin da masu cutar suke ciki a zamaninsa. Wani likitan birnin Landan mai suna James Parkinson shi ya fara bayyana cutar dalla-dalla a 1817, bisa lura da mutum 6, waɗanda wasunsu a kan titi kawai ya gan su. Bayan kimanin rabin ƙarni, shahararren likitan nan na Paris, Jean-Martin Charcot, ya ƙara nazarinta, ya kuma raɗa mata sunan Parkinson.

Cutar takan kama mutum ne yawanci bayan ya haura shekara 60, ko da yake tana kama wasu da sauran ƙuruciyarsu. Takan fara da karkarwar hannu ɗaya, musamman idan hannun yana ajiye ba ya aikin kome. Sannu a hankali gaɓoɓi su sandare, motsi ya yi nauyi, fuska ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. Mutum ya ranƙwafa, ya riƙa tafiya da gajerun taku yana jan ƙafa. Idan ciwon ya yi nisa, tashi daga kujera, sa maɓallin riga, kai loma baki, ko juyawa a kan gado duk sai an taimaka masa, alhali sau da yawa hankalinsa yana nan garau, yana sane da duk abin da yake faruwa da shi. Duniya ta ga misalin wannan a jikin ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda aka gano yana da cutar a 1984, ya kuma kunna wutar gasar Olamfik a birnin Atlanta a 1996 hannunsa yana rawa.

Maganin da Charcot da almajiransa suka yi amfani da shi daga tsirrai dangin zaƙami aka samo shi. Yakan rage karkarwa da dalalar miyau, amma ba ya sakin jikin da ya sandare, ga shi kuma yana busar da baki yana rikita tunani. Kusan shekara 100 likitoci ba su da abin da ya wuce wannan da makamantansa. A shekarun 1950 aka riƙa yi wa wasu majiyyata tiyata, ana lalata wani ɗan wuri a can cikin ƙwaƙwalwa domin tsayar da karkarwa. Tiyatar tana da haɗari, ba ta kuma magance nauyin motsi, wanda shi ne ya fi kwantar da mutum.

Haske ya fara ɓullowa daga Turai. A 1957 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, ya ba zomaye wani magani mai suna resafin, sai suka kwanta suka kasa motsi. Da ya yi musu allurar dopa, cikin ɗan lokaci suka miƙe suka ci gaba da tsalle-tsallensu. Shi da ɗalibansa suka nuna cewa ƙwaƙwalwa tana juya dopa ya zama dopamin, kuma dopamin ya fi taruwa a sassan ƙwaƙwalwa masu kula da motsi. A 1960, a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, Oleh Hornykiewicz da Herbert Ehringer suka auna ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da cutar Parkinson, suka tarar dopamin ya yi ƙaranci ƙwarai a waɗannan sassa. Shekara guda bayan haka, Hornykiewicz da likita Walther Birkmayer suka yi wa majiyyata allurar dopa ta jijiya. Mutanen da suka daɗe a kwance suka tashi suka yi tafiya, amma bayan 'yan sa'o'i suka koma yadda suke. A Kanada ma André Barbeau ya gwada ba da shi ta baki, ya ga sauƙi na ɗan lokaci.

Matsalar ita ce, akwai wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda dopamin ba ya iya ƙetarewa, shi ya sa ba a ba majiyyaci dopamin kai tsaye. Dopa yana ƙetarewa, amma kafin ya isa, hanji da hanta da sauran sassan jiki sun riga sun juya mafi yawansa ya zama dopamin a waje. Abin ya yi kama da mai ɗauko ruwa daga rafi a tulu mai yoyo, kafin ya kai gida saura ɗan kaɗan. Dopamin ɗin da ya tsaya a waje kuwa shi ke jawo tashin zuciya da amai da faɗuwar bugun jini. Idan an ba da kaɗan ba ya aiki, idan an ba da mai yawa a lokaci guda majiyyaci ya amayar. Gwaje-gwajen da aka yi a wurare daban-daban tsakanin 1962 da 1966 sun saɓa wa juna, wasu ma ba su ga amfanin kome ba. Zuwa tsakiyar shekarun 1960, likitoci da dama sun ɗauka cewa dopa abin sha'awa ne a ɗakin gwaji kawai.

Ƙarfen manganis da mahaƙan Cile

Cotzias ya shigo wannan fage ne ta wata ɓarauniyar hanya. A 1953 ya bi malaminsa Van Slyke zuwa Cibiyar Bincike ta Ƙasa da ke Brookhaven, a tsibirin Long Island kusa da New York. An kafa cibiyar a 1947 domin binciken makamashin nukiliya da amfaninsa a lokacin zaman lafiya, tana kuma da sashen likitanci da ƙaramin asibiti na bincike. Injinan nukiliya na wurin suna iya sa wa ƙarfe wata alama ta haske da na'ura ke ganewa, ta yadda za a bi sawunsa a cikin jiki. Cotzias ya zaɓi nazarin manganis, wani ƙarfe da jiki yake bukata ɗan mitsitsi, amma idan ya yi yawa ya zama guba. Ya shafe shekaru yana bin diddigin inda manganis yake zuwa bayan ya shiga jini, da yadda hanta take fitar da shi ta cikin ruwan matsarmama.

Tun a 1837 wani likita a Sukotlan, John Couper, ya ba da labarin ma'aikata masu niƙa dutsen manganis da suka kamu da ciwo mai kama da na Parkinson. A farkon shekarun 1960 Cotzias ya haɗa gwiwa da likita Ismael Mena na Jami'ar Katolika ta ƙasar Cile, a Kudancin Amurka, domin nazarin mahaƙan manganis na ƙasar. Mahaƙan da suka shaƙi ƙurar dutsen sukan fara da ruɗewa kamar taɓin hankali, daga baya jikinsu ya sandare, fuska ta daskare, wasu su riƙa takawa a kan yatsun ƙafa kamar zakara. Binciken ya gano wani abin mamaki. Mahaƙan da suke kan aiki lafiya lau sun fi waɗanda ciwo ya raba da ramin yawan manganis a jiki. Ma'ana, ƙarfen yakan yi ɓarnarsa a ƙwaƙwalwa ya fice, ɓarnar kuma ta zauna. Saboda haka wanke ƙarfen daga jiki ba zai warkar da wanda ya riga ya nakasa ba, dole a nemi hanyar cike giɓin da ya bari. Wannan tunani shi ya karkato da hankalin Cotzias zuwa ga cutar Parkinson kanta.

Zato marar daidai, magani na daidai

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki mai duhu wanda likitoci suke kira substantia nigra da harshen Latin, wato baƙin abu. Baƙinsa ya samo asali ne daga wani launi dangin melanin, sinadarin da ke sa fata da gashi su yi baƙi. Tun a 1919 wani likita ɗan Rasha da ke aiki a Paris, Konstantin Tretiakoff, ya nuna cewa wannan yanki yakan koɗe a ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson. Cotzias da abokan aikinsa kuwa sun gano cewa manganis yana taruwa a sassan jiki masu melanin. Sai ya yi zaton cewa rashin melanin ɗin shi ne tushen cutar, idan aka mayar da shi majiyyaci zai samu sauƙi.

Da farko ya gwada wani sinadarin jiki mai ƙara yawan melanin. Fatar majiyyatan ta yi duhu, amma karkarwarsu ta ƙaru. Maimakon ya watsar da batun, sai ya yi tunanin cewa wataƙila fata ce ta janye kayan haɗin melanin daga ƙwaƙwalwa, don haka a wadata jiki da kayan haɗin da kansu. Ɗaya daga cikin kayan haɗin melanin kuwa shi ne dopa. Cotzias yana sane da binciken Viyana a kan dopamin, amma batun melanin ya fi rinjaye a tunaninsa. A yau an san cewa zaton nasa bai yi daidai ba. Koɗewar baƙin yankin alama ce ta mutuwar ƙwayoyin da ke samar da dopamin, amfanin dopa kuma shi ne mayar da dopamin ɗin da aka rasa. Sai dai zaton ya yi masa amfani ta wata fuska, domin wanda yake son cika ƙwaƙwalwa da launi dole ya yi tunanin ba da magani mai yawa na tsawon lokaci.

A nan ne haƙurinsa da yanayin wurin aikinsa suka haɗu. Asibitin Brookhaven ba na jinyar yau da kullum ba ne, majiyyaci yana iya zama makonni ko watanni ana lura da shi, ana auna abincinsa da jininsa da fitsarinsa. Cotzias ya riƙa ba da dopa ta baki, ana raba shi sau da yawa a yini. Ya fara da ɗan kaɗan, bayan 'yan kwanaki ya ƙara. Idan tashin zuciya ya taso sai ya dakata, ko ya ɗan rage, har jiki ya saba, sa'an nan ya ci gaba. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ta wannan hanya ya kai wasu majiyyata har giram 16 a yini, alhali allurar da aka yi a Viyana ba ta kai ko kashi ɗaya cikin biyar na giram guda ba.

A watan Fabrairu na 1967 shi da Melvin Van Woert da Lewis Schiffer suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine. Daga cikin majiyyata 16 da suka sha dopa, 8 sun samu sauƙi mai yawa wanda ya ɗore muddin suna shan maganin. Mutanen da ake ciyarwa a baki suka koma ci da hannunsu, waɗanda ake turawa a keke suka taka da ƙafafunsu. Amma akwai abin tsoro, domin fararen ƙwayoyin jini, masu kare jiki daga cututtuka, sun ragu a jikin mutum 4.

Dopa iri biyu ne masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, ana kiran ɗaya D, ɗayan kuma L. Nau'in L kaɗai jiki yake juyawa ya zama dopamin, amma a lokacin yana da tsada ƙwarai, shi ya sa Cotzias ya fara da gaurayen biyun. Da ya koma amfani da L zalla, wato L-dopa ko lebodopa, matsalar jinin ta kau, adadin da ake bukata kuma ya ragu da kimanin rabi. A 1969 shi da Paul Papavasiliou da Rosemary Gellene suka buga rahoto na biyu a kan majiyyata 28 da suka daɗe suna shan L-dopa, mafi yawansu kuwa sun amfana. A cikin shekarar, Melvin Yahr na Jami'ar Columbia ya tabbatar da sakamakon ta hanyar gwajin da likita da majiyyaci duka ba su san wanda aka ba maganin gaske da wanda aka ba na bogi ba. Shakka ta kau. Aka ba Cotzias lambar yabo ta Lasker, wadda tana cikin mafiya daraja a fagen likitanci a Amurka, a 1970 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince a sayar da L-dopa.

Labarin ya bazu har wajen da'irar likitoci. A 1969 wani likita mai suna Oliver Sacks ya ba da maganin ga wasu majiyyata a wani asibiti a unguwar Bronx ta New York, waɗanda suka shafe shekaru da dama a sandare sakamakon wata annobar ciwon ƙwaƙwalwa da ta ɓarke a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya rubuta labarin farfaɗowarsu a littafinsa Awakenings a 1973, aka kuma mayar da shi fim a 1990.

Iyakar maganin

Cotzias bai ɓoye aibin maganin ba. Tun a rahotanninsa na farko ya bayyana cewa wasu majiyyata sukan fara wani irin motsi da ba su yi niyya ba, kamar murguɗa baki, kaɗa kai, ko murɗa hannu da ƙafa. Bayan 'yan shekaru kuma aikin maganin yakan riƙa yankewa, mutum yana tafiya lafiya yanzu, an jima kaɗan ya daskare kamar an kashe fitila. Wasu kuma sukan rikice ko su riƙa gane-gane. Sauran shekarun rayuwarsa a kan waɗannan matsaloli ya ƙarar da su.

Yana cikin waɗanda suka gwada haɗa L-dopa da wani sinadari mai suna kabidopa, wanda ke hana jiki juya maganin kafin ya isa ƙwaƙwalwa, wato kamar toshe yoyon tulun nan. Da wannan haɗi adadin da ake sha ya ragu ƙwarai, amai ma ya yi sauƙi. An fara sayar da haɗin a Amurka a 1975 da sunan Sinemet, sunan da aka ƙera daga kalmomin da ke nufin ba amai. A shekarar kuma shi da Mena suka nuna cewa abinci mai yawan furotin, kamar nama da madara, yana rage ƙarfin maganin, domin sinadaran da ke cikin furotin suna gogayya da L-dopa a ƙofar shiga jini da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa har yau likitoci suke ba wasu majiyyata shawarar su raba lokacin shan magani da lokacin cin irin wannan abinci. Ya kuma farfaɗo da gwajin wani tsohon magani mai suna afomofin, wanda ke kwaikwayon aikin dopamin, ana kuwa amfani da shi yanzu wajen ceto majiyyaci idan ya daskare.

Bai manta da mahaƙan Cile ba. Shi da Mena sun gwada musu L-dopa, suka ba da rahoton samun sauƙi a jikin wasu a 1970. Amma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa gubar manganis ta fi lalata wani sashe dabam na ƙwaƙwalwa, kuma galibi ba ta jin L-dopa yadda cutar Parkinson take ji. Mutanen da suka nuna masa hanya su ne suka fi ƙarancin cin moriyarta.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A 1973 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Masana Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka. A shekarunsa na ƙarshe ya bar Brookhaven ya koma birnin New York, ya zama farfesan ilmin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a kwalejin likitanci ta Jami'ar Cornell, yana kuma aiki da asibitin ciwon daji na Memorial Sloan-Kettering. A lokacin shi kansa yana fama da ciwon dajin huhu, amma ya ci gaba da bincike. Ya rasu ranar 13 ga Yuni, 1977, saura kwana 3 ya cika shekara 59.

A shekarar 2000 aka ba Arvid Carlsson lambar yabo ta Nobel saboda aikinsa a kan dopamin. Ba a ba Hornykiewicz ba, abin da ya sa masana sama da 200 suka rubuta takardar ƙorafi. Cotzias kuwa ya riga ya rasu, ba a kuma ba mamaci wannan lamba. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Cutar Parkinson ta Amurka ta kafa tallafin bincike da sunansa, wanda take bai wa matasan likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi domin su samu sukunin koyarwa da bincike a jami'o'i.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu cutar Parkinson sun haura miliyan 8 da rabi, yawansu kuma ya ninka cikin shekara 25. Afirka ba ta tsira ba. Tun a shekarun 1980 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka bi gida-gida a garin Igbo-Ora suka tabbatar da samuwarta a karkarar Nijeriya. L-dopa yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma a ƙasashen Afirka da dama samunsa yana da wuya, tsadarsa kuma ta fi ƙarfin talaka, ga ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Sau da yawa akan ɗauki karkarwar dattijo a matsayin tsufa kawai, ko a danganta ta da sammu ko iska, sai a yi shekaru ba a je asibiti ba.

Wani bincike da likitocin Italiya da na Gana suka buga a 2014 ya amsa wata tambaya da ta daɗe tana damun likitoci tun zamanin Cotzias, wato ko jinkirta fara shan L-dopa yana kare mutum daga motsin nan da ba a yi niyya ba. Majiyyatan Gana sun fara shan maganin a makare idan aka kwatanta da na Italiya, amma matsalar ta same su a kusan mataki ɗaya na cutar. Ashe daɗewar cutar da yawan adadin da ake sha su ne suke jawo ta, don haka babu riba a hana mutum magani yana bukata. Haka kuma masana suna nazarin karara, tsiron nan mai ƙaiƙayi da ke yaɗo a dazuzzukan Afirka ta Yamma, domin tun a 1937 aka gano L-dopa a cikin 'ya'yansa. Fatan shi ne a samar da magani mai rahusa, sai dai ƙarfin 'ya'yan yana bambanta daga wuri zuwa wuri, shansu ba tare da awon likita ba kuwa yana da haɗari.

L-dopa ba ya warkar da cutar Parkinson, ba ya kuma hana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ci gaba da mutuwa. Abin da yake yi shi ne mayar wa mutum ikon motsi na tsawon shekaru, ya ci da kansa, ya yi sutura da kansa, ya fita cikin jama'a. Maganin da zai tsayar da cutar daga tushe shi ne likitocin da suka gaji Cotzias suke nema har yanzu.

Tambayoyi

1. Me ya raba George Cotzias da karatunsa a Jami'ar Atina, kuma ta yaya ya ƙarasa shi?
2. Bayyana alamomi guda huɗu na cutar Parkinson.
3. Don me ba a ba majiyyaci dopamin kai tsaye? Yi bayanin misalin tulu mai yoyo.
4. Wane darasi Cotzias ya koya daga mahaƙan manganis na ƙasar Cile?
5. Ta wace fuska zaton da bai yi daidai ba ya taimaka wa bincikensa?
6. Mene ne ma'anar karin maganar nan, sannu ba ta hana zuwa? Yi amfani da ita a cikin jimloli biyu naka.
7. Rubuta sakin layi ɗaya a kan matsalolin da masu ciwon karkarwa suke fuskanta a Afirka ta Yamma.